Har yaushe za a biya? Bayanan aikin littafin manufofin noma da muhalli

3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da na sa a gaba ɗan littafi ne da Hausa, wanda malamin gona ko ɗalibin kwalejin noma zai karance a zama biyu, a kan yadda gwamnatoci ke sa manomi ya kula da ƙasa da ruwa da itatuwa. Dabarun ba su da yawa. Ko a biya shi, ko a hana shi da doka, ko a ɗora masa haraji, ko a sakar masa mara a bar shi da abinsa. Ina so in bi ƙasashen da suka gwada kowacce, in ga inda ta kama da inda ta watse.

Abin da ya tunzura ni shi ne rahoton da hukumomi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da UNDP da UNEP, suka fitar a Satumban 2021. Sun ƙiyasta cewa gwamnatocin duniya na kashe kusan dala biliyan 540 kowace shekara wajen tallafa wa manoma, kuma kashi 87 cikin ɗari na wannan kuɗi ko dai yana rikita farashi ko yana cutar da muhalli da lafiyar jama'a. Kuɗin dai yana nan, inda ake zuba shi ne abin dubawa. Na ja jadawali a babbar takarda, sunan ƙasa a gefe, tambayoyi uku a sama: wa ke biya, nawa, a kan me. Kowane layi in ya cika zai zama babi.

18 ga Fabrairu

Na fara da Ingila, domin ita ce ta fito fili ta ce za ta juya akalar tallafin gaba ɗaya. Lokacin da Birtaniya ke cikin Tarayyar Turai, da faɗin gona ake lissafa mafi yawan abin da manomi zai samu. Hekta nawa gare ka, ga kuɗinka. Mai ƙasa da yawa shi ke kwashe kaso mai tsoka ko da bai tsinana wa ƙasar komai ba, kuma an daɗe ana nuna cewa a faɗin Tarayyar kusan kashi 80 na kuɗin yana ƙarewa ne a hannun kashi 20 na masu karɓa. Bayan ficewar Janairun 2020, majalisa ta zartar da dokar noma a Nuwamban shekarar, aka tsara a riƙa rage tsohon tallafin sannu a hankali daga 2021 zuwa 2027, a koma biyan manomi ladan abin da gonarsa ke amfanar jama'a da shi, kamar ruwa mai tsabta da ƙasa mai ƙarfi da shingen da tsuntsaye za su fake.

Ma'aikatar da ke riƙe da aikin, Defra, ta haɗa muhalli da abinci da harkokin karkara a hannun minista ɗaya. Babban shirinta ga gama-garin manoma shi ne SFI, wanda aka buɗe a 2022, kuma tsarinsa ya burge ni ƙwarai. Ana shimfiɗa wa manomi jerin ayyuka, kowanne da kuɗinsa, ya zaɓi abin da ya dace da gonarsa. In ya shuka tsirrai iri-iri suka rufe ƙasa da hunturu, maimakon ya bar ta tsirara ruwan sama ya wanke, yana da fam 129 a kowace hekta a shekara. In ya daina fesa maganin ƙwari a gonar hatsi, fam 45. Yarjejeniyar yawanci ta shekara uku ce, ana biya duk bayan wata uku. Ba a tilasta wa kowa, kuma mutum ya san abin da zai samu kafin ya sa hannu.

Sai na yi wa mai karatu bayani cewa wannan na Ingila ne kaɗai, sauran yankunan Birtaniya kowanne da nasa. A Wales gwamnati ta so ta gindaya sharaɗin sai kashi 10 na kowace gona ya zama itatuwa kafin a ba ta tallafi. Manoma suka cika birnin Cardiff a Fabrairun 2024, zuwa Nuwamba aka janye sharaɗin.

27 ga Fabrairu

Babin Sirilanka ba zai wuce shafi uku ba. A Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da takin zamani da magungunan gona, ya ce daga yanzu da takin gargajiya zalla za a yi noma. Ba a ba kowa wa'adi ba, ba a tanadi abin da zai maye gurbi ba, kuma ƙarancin kuɗin waje na cikin abin da ya ingiza shawarar. Amfanin shinkafa ya faɗi warwas, ganyen shayin da ƙasar ke samun dala da shi ya ragu, ƙasar da ta saba ciyar da kanta ta koma sayen shinkafa daga waje. A Nuwamba aka janye haramcin, lokacin shuka kuwa ya riga ya wuce.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗaukar wannan labari a matsayin hujjar cewa rage takin zamani shirme ne ko ta wace hanya. Gonar da ta saba da buhun taki shekara da shekaru tana buƙatar wasu shekarun kafin ta sake tsayawa da ƙafarta. Wata bakwai aka ba ta, cikinsu ma babu shiri. Haka zan rubuta shi.

12 ga Maris

Jiya da yamma Defra ta rufe karɓar sababbin masu neman shiga SFI, nan take. Hujjarta ita ce kuɗin da aka ware ya ƙare, kuma akwai yarjejeniyoyi sama da 37,000 da ke tafiya waɗanda za a ci gaba da biya. To amma shafin da manoma ke cike fom a kai yana ɗauke da alƙawarin cewa in za a rufe, za a yi sanarwa da mako shida. Ko kwana ɗaya ba a bayar ba.

Ka ɗauki manomin da ya zauna da mai ba shi shawara tun farkon shekara, ya biya shi, suka baje taswirar gonar, suka ware gefen da za a bar wa furanni da gefen da za a daina yi wa feshi. Ya yi odar iri. Fom ɗin yana ajiye a kwamfuta, lambobin filaye biyu kawai yake son sake dubawa kafin ya aika. Ya wayi gari ƙofa a rufe. Tsohon tallafin kuma an riga an zaftare shi, domin bana babu wanda zai karɓi sama da fam 7,200 komai girman gonarsa. Gwamnati ce ta ce masa ya saki reshe ya kama ganye, sannan ta janye ganyen.

Bayanin da na yi a kan tsarin shirin yana nan daram, amma babin yanzu yana buƙatar rabi na biyu. Na kuma ƙara tambaya ta huɗu a jadawalin: har yaushe, kuma wa ke da ikon janyewa. Shingen da aka dasa bana sai ya shekara da yawa kafin ya amsa sunan shinge. Ƙasar da ta gaji ba ta farfaɗowa a damina guda. Manomi da shekaru yake lissafi, baitulmali da kasafin shekara ɗaya, kuma ina zargin a wannan giɓi ne mafi yawan shirye-shiryen da zan karanta suke faɗawa.

26 ga Maris

Sabuwar tambayar ta kai ni Amurka, inda aka fi daɗewa ana wannan aiki. A shekarun 1930 fari ya afka wa filayen tsakiyar ƙasar, waɗanda aka kafce ciyawarsu ta asali aka shuka alkama, iska ta riƙa kwashe ƙasar sama tana rufe garuruwa. Babbar guguwar ƙura ta tashi ran 14 ga Afrilun 1935, kafin watan ya ƙare an kafa hukumar kare ƙasa, wadda Hugh Bennett ya shugabanta. Shekara hamsin bayan nan, dokar noma ta 1985 ta kawo shirin CRP. Gwamnati ce ke hayar gonar da ke saurin zaizayewa daga hannun mai ita na shekara 10 zuwa 15, shi kuma ya shuka ciyawa ko itatuwa ya bar ta ta huta. Tsawon wa'adin shi ne ƙarfin shirin, domin mutum zai iya tsara rayuwar gidansa a kai. A 2007 ƙasar da ke ciki ta kai eka miliyan 36.8.

Daga nan sai masara ta yi tsada, kuma dokokin gwamnatin ne da kanta, na tilasta gauraya man fetur da sinadarin da ake tatsa daga masara, suka taimaka wajen tsadar. Yarjejeniyoyi suka riƙa ƙarewa, garma ta riƙa komawa. Dokar 2014 ta rage iyakar shirin zuwa eka miliyan 24. Hannun dama na biyan manomi ya hutar da gona, na hagu na yi masa tayin da ya fi tsoka ya nome ta.

Zan haɗa ƙasar Sin a babi ɗaya da wannan. Bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998, an fara a 1999 biyan manoma su daina noma gangaren da ya wuce digiri 25, su mayar da shi daji ko makiyaya. Abin da ya ja hankalina shi ne da hatsi aka fara biya, kilo 2,250 a kowace hekta a yankin Yangtze, kilo 1,500 a yankin Rawayen Kogi, da ɗan kuɗi a kai. Wanda ya tsara haka ya san abin da talakan manomi ke tsoro in an ce ya bar gonarsa. Wa'adin shekara 8 ne ga daji, 5 ga itatuwan marmari, 2 ga ciyawa, kuma da ya kusa cika a 2007 sai aka tsawaita, don an hango cewa in biya ya tsaya za a koma noman gangaren.

15 ga Afrilu

Jiya ma'aikatar noma ta Amurka ta soke wani shiri na kusan dala biliyan 3 da gwamnatin da ta gabata ta kafa domin noman da ke rage hayaƙi mai ɗumama duniya. Tun Janairu ma aka dakatar da biyan wasu kuɗaɗen kare ƙasa da ke ƙarƙashin wata doka ta 2022, aka bar manoman da suka riga suka kashe na aljihunsu wajen shinge da bututun ruwa suna jira, kodayake an saki wani ɓangare daga baya. A Ingila kuɗi ne aka ce ya ƙare, a nan gwamnati ce ta canza. A wurin manomi duk ɗaya ne.

29 ga Afrilu

Babin Nijar shi ya fi cin lokaci, kuma shi na fi so, domin a nan gurbin "nawa" kusan fanko ne, amma sakamakon ya fi na ƙasashen da suka zuba biliyoyi.

Tun dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935, har da wadda ta gaje ta bayan 'yancin kai, itace na hukuma ne. Ko a tsakiyar gonarka ya tsiro, in yana cikin waɗanda aka kare, kamar gawo, sai da izini za ka sare reshensa, in ba haka ba malaman daji su ci ka tara. Manomi mai hankali me zai yi? Sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa fitina. Dokar da aka yi don kare itace ita ta mayar da shi abin gudu. A gefe guda ana ta kashe kuɗi wajen renon dashe a leda, ana kai wa ƙauyuka, mafi yawansu rani da awaki su gama da su.

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturen itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ya biyo baya ba ya buƙatar komai sai wuƙa ko gatari mai kaifi. Lokacin sassabe, in ka zo kan kututturen kalgo ko sabara da ya fitar da toho cunkus, sai ka tsaya ka duba. Ka zaɓi waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan gefe zuwa rabin tsayinsu, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Abin da ka sare ya zama makamashi ko ya rufe ƙasa. Baɗi ka dawo ka sake gyarawa. Tun da saiwar ta riga ta kai ga danshi, girman da zai yi a shekara biyu ko uku dashen leda ba zai kama ƙafarsa ba. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani 'ya'yansa su ciyar da dabbobi, dabbobin su bar taki a gindinsa.

Yunwar 1984 ta sa aka yaɗa dabarar ta hanyar ba da abinci a bakin aiki, kuma da abincin ya ƙare mutane da yawa sun sare abin da suka rena. Wannan ma ya shiga gurbin "har yaushe". Abin da ya sa ta zauna shi ne jami'an daji na yankin sun sassauta, manomi ya fara yarda cewa in ya rena itace shi zai ci moriyarsa. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara buɗe hanya, a 2020 kuma aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena. Da masu bincike Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. Zan ajiye wannan kusa da Babbar Koriyar Ganuwa, shirin zirin itatuwa a faɗin yankin Sahel, da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, wadda rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka cimma a ainihin zirin.

Tambaya ta biyar ta shiga jadawali: na wane ne. Amma ba zan rufe babin da yabo kaɗai ba. Ranar da itace ya sami mai shi, ranar ce makiyayin da ya saba sassaƙo wa garkensa ganye da matar da ta saba ɗiban makamashi a wurin za su fara neman izini. Inda ƙauyuka suka zauna da makiyaya da mata suka tsara ƙa'ida, abin ya fi ɗorewa, kuma wannan ɓangare yana buƙatar shafinsa.

13 ga Mayu

Defra ta ja da baya kaɗan. Bayan ƙungiyar manoma ta NFU ta tsaya wa wasu mambobinta suka yi barazanar zuwa kotu a kan alƙawarin mako shidan nan, ministan noma ya sanar jiya cewa kusan mutum 3,000 da suka fara cike fom ba su aika ba za a ba su dama. Sauran su jira sabon tsari.

Tsohon malamin gonar da ke duba mini rubutun ya dawo da babi huɗu na farko, gefen takardun cike da jan biro. Ya ce, "Ɗana, ko'ina kana cewa manomi, manomi. Wanne? Mai gonar ko mai aro?" Na ce, "Baba, ai duk wanda ke nomawa." Ya girgiza kai ya ce wanda bai san ko baɗi gonar na hannunsa ba, ko nawa ka ba shi ba zai rena itace ba, in kuma ya gyara ƙasar ta yi kyau, mai ita ne zai karɓe abarsa ko ya ƙara masa kuɗin haya.

Maganarsa ta sa na duba layi biyu a jadawalin, na Ingila da na Kosta Rika. A Ingila kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma a hannun 'yan haya take, kuma gajartar wa'adin SFI zuwa shekara uku an yi ta ne har da niyyar su iya shiga. Wato gajeren wa'adi na buɗe wa ɗan haya ƙofa, dogo kuma shi ƙasa ke buƙata, kuma ban ga ƙasar da ta warware wannan ƙulli ba. Kosta Rika ita ake kafa misali da ita. Dokar dajinta ta 1996 ta haramta mayar da daji gona, ta kuma kafa biyan masu daji daga wani kaso na harajin man fetur, wanda aka tsayar a kashi 3.5 a 2001, don kada shirin ya dogara da jin daɗin ministan kuɗi kowace shekara. Dajin da ya ragu zuwa kusan rubu'in ƙasar a shekarun 1980 yanzu ya haura rabi, kodayake faɗuwar kasuwar shanu ma ta taimaka. Sai dai a shekarun farko mai takardar mallaka ne ke shiga cikin sauƙi, kuma masu manyan filaye sun fi kowa takarda.

3 ga Yuni

Jihar Punjab ta Indiya ta juya mini tunanin littafin. Zuwa yanzu labarin alƙawarin da aka saɓa nake ta rubutawa. Wannan kuwa labarin alƙawarin da aka cika ne, ya yi ɓarna.

Tun tsakiyar shekarun 1960 gwamnatin Indiya ke sayen alkama da shinkafa a kan farashin da take tsayarwa, kuma a Punjab sayen na gaske ne, manomi na kai kayansa a auna a biya shi. Shinkafa ba amfanin yankin ba ce a da, ruwan samansa bai kai ba, amma tabbacin mai saye ya sa ta mamaye gonaki. A 1997 gwamnatin jihar ta mayar da wutar lantarkin injin ban ruwa kyauta. Rijiyoyin burtsatse sama da miliyan ɗaya suka riƙa zuƙo ruwa, yana ta yin ƙasa, ana ta ƙara zurfin rijiya da ƙarfin inji.

A 2009 jihar ta yi dokar ceton ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ta hana zuba irin reno kafin 10 ga Mayu, ta hana dashe kafin 10 ga Yuni, don shinkafa ta haɗu da ruwan sama maimakon a shayar da ita da rijiya a tsananin zafi. Dokar tana da ma'ana kuma ta rage ɗiban ruwa. Amma jinkirin dashe ya ja girbi zuwa ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, alkama kuma dole a shuka ta kafin tsakiyar Nuwamba, sai ya rage wa manomi mako biyu ko uku tsakani. Injin girbi na barin karan shinkafa tsaye a gona, dabbobi ba su cika son sa ba, kwashe shi da hannu tsada. Ashana ɗaya ta gama aikin cikin awa guda. Kuma daidai lokacin ne iska ke kwantawa sanyi ya fara sauka, hayaƙin ya taru da na motoci da masana'antu ya lulluɓe Delhi.

Martanin hukuma tara ce da kama manoma, sai rangwamen injinan da ke shuka alkama a cikin kara ba tare da an ƙona ba, wanda aka faɗaɗa daga 2018. Ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Kowa ya san mafita ita ce rage shinkafa a koma amfanin da ba ya shan ruwa haka, kuma an daɗe ana yi wa manoman wannan wa'azi. Ba sa komawa, domin farashin shinkafa da alkama ne kaɗai alƙawarin da suka ga gwamnati ta cika sama da shekara hamsin ba fashi. Shi ya sa da aka zartar da dokokin noma uku a Satumban 2020, suka ji ƙanshin za a taɓa wannan tabbaci, suka tare hanyoyin shiga Delhi shekara guda cur har aka soke dokokin a Nuwamban 2021. Manomi na bin alƙawarin da ya ga an cika, ko da zai ƙafar masa da rijiya. Duk gwamnatin da ke son ya canza sai ta kawo wanda ya kai wancan nauyi, ta kuma riƙe shi tsawon da zai gaskata. Wannan zai zama ƙashin bayan littafin, kuma zan dawo da babin Punjab gaba, ya biyo bayan gabatarwa.

19 ga Yuni

Holan da Denmak a babi ɗaya. Dukansu ƙananan ƙasashe ne masu dabbobi fiye da kima. A Holan iskar amoniya da ke tashi daga kashi da fitsarin shanu da aladu tana sauka a kan fadamu da filayen da doka ta kare, tana kashe tsirransu na asali. Ran 29 ga Mayun 2019 babbar kotun harkokin mulki ta rushe tsarin da ke ba da lasisin ƙara gurɓatawa yau bisa alƙawarin ragewa gobe, dubban ayyukan gini da faɗaɗa gonaki suka tsaya cak. Ran 1 ga Oktoba taraktoci suka nufi birnin Hague. Ina fahimtar fushinsu, domin shekaru ana ce musu su faɗaɗa, banki na ba da bashi, kuma da aka cire ƙayyade madara a 2015 garkuna sun ƙaru da sanin kowa. A Yunin 2022 aka fitar da taswirar da ke nuna wasu wurare sai an rage gurɓatawar da kashi 70, a cikin filayen da aka kare har 95, ba tare da an gaya wa kowane manomi makomar gonarsa ba. Jam'iyyar manoma ta BBB ta zo ta ɗaya a duk larduna 12 a Maris 2023. Gwamnatin da aka kafa a 2024 ta watsar da asusun kusan yuro biliyan 24 da aka ware domin rage gurɓatawar, a Janairun bana kotu ta umarci a cika burin ragewa na 2030 ko a biya tarar yuro miliyan 10, a farkon wannan wata kuma gwamnatin ta rushe a kan rikicin 'yan gudun hijira. Shekara shida, kuma mai shanu har yau bai san ko ya ci bashi ya gyara garke ko ya sayar ba.

Denmak ta zaunar da gwamnati da ƙungiyar manoma da ta masu kare muhalli da 'yan ƙwadago da masana'antu a tebur ɗaya, suka cimma matsaya a Yunin 2024, jam'iyyun majalisa suka amince a Nuwamba. Harajin hayaƙin dabbobi zai fara a 2030 a kan kurona 300, kuɗin ƙasar, kowane tan na hayaƙi, da rangwamen kashi 60, wato 120 za a biya, ya hau zuwa 750 a 2035, wato 300 bayan rangwame. Za a kuma dasa sabon daji hekta 250,000 kafin 2045. An faɗa wa manomi adadin da ranar tun da sauran shekaru. Zan dai rubuta a fili cewa ba a karɓi ko kurona ɗaya ba tukuna, kuma New Zealand ta yi irin wannan shiri ta soke shi a Yunin 2024 kafin ya fara.

17 ga Yuli

Na so in rufe babin Tarayyar Turai wannan mako, sai ga sabon lissafi. Tsarin noma na bai ɗaya, wanda ya faro a 1962, yana da kusan yuro biliyan 387 a kasafin 2021 zuwa 2027, kusan sulusin kuɗin Tarayyar. Sharaɗin hutar da kashi 4 na gonar hatsi, wanda aka rubuta a sabon tsarin 2023, an soke shi a 2024 bayan taraktoci sun toshe hanyoyi daga Faransa zuwa Poland. Jiya Hukumar Tarayyar ta gabatar da shawarar kasafin 2028 zuwa 2034, inda za a zuba kuɗin noma cikin babban asusu ɗaya da na raya yankuna, a keɓe wa manoma kusan biliyan 300, kowace ƙasa ta tsara yadda za ta kashe sauran. Ƙungiyoyin manoma sun yi zanga-zanga a Brussels a ranar. Ciniki tsakanin ƙasashe 27 da majalisa zai ɗauki lokaci mai tsawo, don haka zan rubuta babin da kwanan wata a samansa, in bar gurbin "nawa" na bayan 2027 da fensir.

Abin da ya rage kafin ƙarshen wata: in sake gabatarwa a kan Punjab, in rubuta shafin makiyaya da mata a babin Nijar, in kai wa Baba babin Holan da Denmak ya duba. Babin tallafin taki a Afirka, daga alƙawarin da shugabannin nahiyar suka yi a Maputo a 2003 na ware wa noma kashi 10 na kasafin kuɗi zuwa takardun rangwame na Malawi a 2005, shi zan fara a Agusta.